Ungozoma a Ɗakin Kifi

3 ga Maris

Assalamu alaikum Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Ni na iso wurin aiki lafiya lau. Madatsar ruwan da muke ginawa tana can tsakanin duwatsu, waya ba ta kamawa ko mutum ya hau saman babbar mota. Direban kamfani ne ke shigowa gari sau ɗaya duk mako biyu. Shi zai riƙa miƙa miki wasiƙata ya karɓi taki a bakin ƙofa, kuma ba ya jira, don haka ki riƙa rubuta taki kafin ya iso. Wata huɗu zan yi.

Na gode da kika baro gidanki kika zo kika zauna a nawa. Na san zumuncinmu da ɗan nisa, kakata da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma rabona da gaishe ki tun bikin ritayarki. Amma da na duba dangi kaf, ban ga wanda zan damƙa wa rai goma sha biyu ba sai wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin ungozoma a asibiti.

Tankin gilashin yana ƙaramin ɗaki, mai fenti ruwan ɗorawa. Kifayen sunansu gupi. Abincinsu yana cikin gwangwani mai jan murfi, ki ɗan tsunkulo da yatsa biyu, safe da yamma, iya abin da za su cinye cikin minti biyu. Za su yi ta bin ki da ido kamar ba su taɓa cin abinci ba. Ƙarya suke yi, Gwaggo, kada ki ƙara musu.

Duk Asabar ki zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ki zuba sabo. Sabon kuma ba daga famfo kai tsaye ba, sai wanda ya kwana a bokiti, don maganin da ake sa wa ruwan famfo yana ƙona musu jiki. Soson da ke cikin matacin ruwa zai yi miki kama da ƙazanta. Don Allah kada sabulu ya taɓa shi. Ki ɗauraye shi kawai a cikin tsohon ruwan da kika zuƙe, saboda akwai ƙwayoyin halitta a jikinsa da ke tsabtace ruwan. Hita mai ɗumama ruwan ta tsaya a kan digiri ashirin da biyar. Fitila awa takwas. Labule a rufe da rana.

Matata Malama tana gidan yayarta tun watan Janairu, na san kin ji. Ta ce za ta zo ta kwashi littattafanta ta ajiye mabuɗinta. In ta zo kada ki ce mata komai. Ki dai sanar da ni in an ajiye mabuɗin.

Ɗanki,
Injiniya

17 ga Maris

Wa alaikumus salam ɗana,

Na samu wasiƙarka. Lafiyata ƙalau. Gwiwa da sauƙi, sai dai wanda ya gina matakalar gidan nan hawa uku bai taɓa tunanin zai tsufa ba.

Wasiƙar taka na karanta ta da tabarau sau biyu. Gaisuwata layi biyu, matarka layi uku, sauran duk kifi. Ba ƙorafi nake yi ba, ƙirgawa kawai na yi.

'Ya'yanka goma sha biyu suna nan da rai. Ina bin dokokinka. Ni da nake mutum ina shan ruwan famfo kai tsaye, su kuwa sai nasu ya kwana a bokiti ya huta gajiya. Soson nan kuma, Allah ya sani na daure. Shekara talatin da ɗaya duk abin da ya yi wannan launi a gabana sai ya sha ruwan zafi da magani. Na ɗauraye shi yadda ka ce, na mayar, sannan na je na wanke hannuna sau uku.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Na tarar da allon gilashi a tsakiyar tankin, ya raba shi gida biyu. A hagu ƙanana shida masu ado, ja da shuɗi, jela kamar maficin hannu. A dama manya shida masu ruwan toka, ba kwalliya ba komai. Na tambayi mai shagon kifi da ke bayan tashar bas, ya ce masu adon su ne mazan. Na ce to, ko a ruwa ma haka abin yake, su ado, mu aiki.

Akwai wani ja mai yagaggiyar jela, na sa masa suna Mai Naci. Tun safe har yamma yana manne da gilashin nan yana karkaɗa jiki, wata babba da nake kira Mai Jiki tana ɗaya gefen tana yi kamar ba ta gan shi ba, amma ba ta matsawa daga wurin. Kwana biyu ina shan shayi ina kallonsu. Ɗana, ni gwauruwa ce shekara tara, na san abin da kaɗaici yake. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na koma wasiƙarka na duba, shafi huɗu babu inda ka ambaci gilashin nan, kai da ka rubuta har da labule. Na ce ashe mantawa ka yi da shi a ciki.

Na zare shi tun ranar shida ga wata. Ka ga murna! Tankin ya zama kamar an tashi makaranta. Gilashin kuma bai lalace ba, na wanke shi tas, shi nake ɗora kofin shayi a kai.

Malama ba ta zo ba. Littattafanta suna nan, na goge musu ƙura. Ba a ajiye mabuɗi ba. Ka ce kada in ce mata komai, to sai na gan ta tukuna za mu san ko bakina zai yi maka biyayya.

Gwaggonka

17 ga Maris

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da su. Ni lafiya lau, sai ɗan mura saboda sanyin duwatsu. Ban ga wasiƙarki ba tukuna, sai gobe in direba ya dawo.

Akwai abin da ban rubuta ba a ta farko, don na san ke mai hankali ce, ba sai an faɗa miki ba. Amma gara in faɗa don hankalina ya kwanta. Allon gilashin da ke tsakiyar tankin, kada a taɓa shi. Da gangan na raba maza da mata. Gupi ba ƙwai suke yi ba kamar sauran kifi, haihuwa suke yi, 'ya'ya da ransu. Mace ɗaya takan haifi ashirin zuwa arba'in duk wata. Tankin nan na kifi goma sha biyu ne, ba zai ɗauki ƙari ba. Ni dai ba na son haihuwa a ɗakin nan.

Na san ɓata tawada nake yi. Wa zai ga gilashi a tsaye a wurinsa ya ce sai ya cire shi?

An ajiye mabuɗin?

Ɗanki

31 ga Maris

Ɗana Injiniya,

Ina gaishe ka, Allah ya raba ka da murar nan. Ka riƙa rufe ƙirjinka. Ni lafiya, sai dai rabona da gajiya irin wannan tun ina sashen haihuwa.

Wasiƙarka ta gilashi ta iso hannuna bayan na cire shi da kwana goma sha biyu. Direba ya miƙo mini ita da hannun dama, ya karɓi tawa da na hagu, ya tafi. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na ce wannan yaro ya iya zagi da ladabi.

Na yi ƙoƙarin gyara ɓarnata. Na mayar da gilashin, amma ka taɓa gwada cewa kifi ya tsaya a layi? Da na gama, hagu maza huɗu mata biyu, dama mata huɗu maza biyu. Na sake, abin ya ƙara dagulewa. Na zare shi na mayar da kofina a kai.

Yanzu ga labari. Shekaranjiya da hantsi na ga Mai Jiki ta ƙi abinci, ta koma bayan ganye ta tsaya cak. Cikinta ya yi kusurwa, ga wani baƙin tabo kusa da jela, tana numfashi da sauri. Ban buƙaci mai shago ba. Naƙuda ko a cikin ruwa ce na san ta. Na jawo kujera, na ce mata, "Yi haƙuri 'yata, kada ki yi gaggawa, ina nan." Can sai ga wani ɗan abu ya faɗo a naɗe, ya miƙe, ya arce cikin ganye. Ido biyu ne da jela, shi ke nan. Ba kuka, ba cibiya, ba mai tambayata mace ce ko namiji. Wallahi sai da na yi tafi ni kaɗai a ɗaki.

Ana na bakwai, uwar nan ta juyo ta haɗiye na shida. A gabana! Na karɓi haihuwa ta fi dubu uku, na ga masu zagin miji, na ga wadda ta cije ni a hannu, amma ban taɓa ganin wadda ta yi karin kumallo da ɗanta ba. Na ruga kicin na ɗauko matacin shayi, na shiga kwaso jarirai ina zubawa a tukunya. Ashirin da shida na tsirar.

Jiya biyu suka sauka, yau da safe ɗaya, saura biyu suna kan hanya. Tukwanenka uku sun cika, da kwanon salak, da robar wanki. Mai shago ya ce in riƙa murza musu gwaiduwar dafaffen ƙwai, ina kuwa ba su ba ƙyashi, mai jego da jariri ba a yi musu rowa. Na ƙara wa iyayen ma abinci. Dokar minti biyu ta masu zaman banza ce, ba ta masu jego ba.

Da mazubi ya ƙare na hau kujera na leƙa saman kabad ɗin ƙaramin ɗakin, sai ga bahon wankan jariri sabo fil a cikin ledarsa. Na ce kai, wannan ai don aikin nan aka yi shi. Yanzu shi ne babban ɗakin jarirai, na ajiye shi a gindin tankin.

Mabuɗi shiru. Malama shiru.

Gwaggonka, wadda ritayarta ta ƙare

31 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ni ba lafiya ba. Na karanta wasiƙarki ta sha bakwai ga wata a gaban ma'aikata, na zauna a kan buhun siminti ban san na zauna ba. Suka kewaye ni suna tambaya wa ya rasu.

Kofin shayi, Gwaggo? Gilashin da na auna da kaina, aka yanka mini shi daidai da faɗin tankin?

Mata shida, kowace talatin, ɗari da tamanin ke nan a watan farko. Kafin in dawo 'ya'yan ma sun fara nasu. Na yi lissafin a bayan takardar aiki, mataimakina ya leƙa ya zaci yawan buhunan da za mu ƙara ne.

Na je wurin shugaban aiki neman izinin kwana uku. Na ce masa haihuwa za a yi a gidana. Ya tashi ya rungume ni, ya ce me ya sa ban faɗa ba tuntuni, ya tambaya ko ta fari ce. Da na ce kifi ne, sai ya sake ni a hankali, ya koma kujerarsa, ya ce in rufe masa ƙofa in zan fita. Yanzu ko'ina na wuce sai an tambaye ni ya mai jego.

Ki mayar da gilashin yau. Kada ki ƙara abinci ko ƙwaya ɗaya, yawan abinci shi ke kashe su, ba yunwa ba. In ruwa ya fara yin fari, ki daina ba su komai, ki canza kashi ɗaya cikin uku kullum. Kuma don Allah kada ki kira kowa. Kin san wadda nake nufi. Ba na son ta ce ko kifin ma na kasa riƙewa.

Mabuɗin fa?

Ɗanki

14 ga Afrilu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ni da sauƙi. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, amma ba a kan siminti ba.

Wasiƙarka ta iso, na ga zancen farin ruwa na ce Allah ya kiyaye. Kwana biyu tsakani na shiga ɗakin na tarar da tankin kamar an zuba masa madara. Kifayen duk sun taso sama suna haki. Tukunya ɗaya ta jarirai ta tafi gaba ɗaya. Mai Naci kuma yana kwance a ƙasa, cikinsa a sama. Na tsamo shi da matacin shayi, na naɗe shi a takarda. Ban yi zaton zan yi wa abin da bai kai ɗan yatsana ba hawaye ba, amma na yi, kuma ni na jawo.

Na fara canza ruwa, to bokiti biyu ne a gidan, mazubi tara. Na ruga shagon kifi, a rufe, wai ya yi tafiya. Na tsaya a bakin titi da gwiwata ina tunani. Ka ce kada in kira kowa. To ban kira ba, da ƙafata na je.

Na hau bas zuwa makarantar da Malama ke koyar da kimiyya, na zauna a ɗakin malamai har aka tashi. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Gwaggo, in shi ya aiko ki, ki yi haƙuri."

Na ce, "Shi cewa ya yi kada in zo. Ni na yi ɓarna, rayuka sun fi ɗari a hannuna, suna mutuwa."

Ta ce, "Kin cire gilashin?"

Na ce na cire.

Ta rufe bakinta da hannu. Na zaci kuka za ta yi, ashe dariya take dannewa. Ta ɗauki jakarta ta ce mu je.

Da mabuɗinta ta buɗe ƙofar gidan. Amma da muka zo bakin ƙaramin ɗakin sai ta tsaya. Na ce ta shigo mana. Ta ce, "Shekara biyu rabon da in taka ɗakin nan." Ta leƙa, idonta ya sauka a kan bahon nan, cike da 'yan ƙananan kifi suna ta yawo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ni na zaɓo shi. Da fentin ɗakin ma."

Ɗana, ban sani ba. Ba wanda ya faɗa mini. Lokacin ina jinyar gwiwa, labari bai iso ni ba. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina gane irin wannan daga fuskar mutum tun daga bakin ƙofa, na ga sabon baho a leda a ɗaki mai sabon fenti, ban ga komai ba sai mazubi. Ta gaya mini duka a tsaye a wurin: cikin wata takwas, 'ya mace, kuka dawo daga asibiti hannu babu komai. Ta ce sati bai zagayo ba ka shigo da tankin gilashi ka kafa a inda aka yi niyyar sa gadon, kuma tun daga ranar ba ka ƙara ambaton yarinyar ba.

Na ce bari in juye su a wani abin yanzu-yanzu. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar su, Gwaggo. Gara da wani ya yi wanka a ciki." Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Na rungume ta, aikina ne, na iya shi.

Da ta share fuska sai ta naɗe hannun riga, ta zama wata mutum dabam. Ta ce a daina abinci kwana biyu. Ta ce gwaiduwar ƙwaina ce ta ruɓe a ruwa. Ta aro bokitai huɗu a wurin maƙwabta, ta raba tiyon da ke hura wa ruwan iska gida uku, ta yanki soson nan mai ƙazanta ta jefa ɗan guntu a kowane mazubi. Cikin minti goma ta ware maza da mata da 'yar raga ta mayar da gilashin. Na ce, "Wa ya koya miki duk wannan?" Ta ce, "Shekara biyu ina cin abincin dare da lacca."

Ruwa ya washe. Kullum in an tashi makaranta tana zuwa. Ta kai arba'in ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu, malamai uku sun karɓi nasu. Ta kuma ce in gaya maka gilashin ba zai hana komai ba yanzu, wai macen gupi in ta haɗu da namiji sau ɗaya tana iya haihuwa wata da watanni. Don haka ka ci gaba da lissafi.

Yanzu ni da kai. Na ga maza irinka a barandar asibiti ba adadi. Wani ya yi ta gyara agogonsa, wani ya fita duba tayar mota sau biyar. Ba rashin so ba ne, na sani. Amma matar da ke ciki ba ta ganin zuciya, agogon take gani. Ga takardarta nan a ciki, ban karanta ba. To, na karanta, amma sau ɗaya.

Gwaggonka

14 ga Afrilu

Injiniya,

Ina fatan kana lafiya. Gwaggo ta ce kana mura.

Don kifayen na zo, ba su yi mini laifin komai ba. Gwaggo ta nuna mini wasiƙunka uku. Na ga ka san zafin ruwan da suke so, da awannin fitilarsu, da abin da ke ƙona musu jiki. Na ga kuma duk wasiƙa sai ka tambayi mabuɗi. Mabuɗi ƙarfe ne, lafiyarsa ƙalau. Mai riƙe da shi ce ba ka tambaya ba.

Ban kwashi littattafan ba tukuna, hannuna kullum a jiƙe. Ƙarshen watan gobe nake da niyya. In kana da magana kafin nan, ka rubuto mini ni, ba Gwaggo ba. Sharaɗi ɗaya: kada kifi ko ɗaya ya shigo ciki.

Malama

28 ga Afrilu

Malama,

Assalamu alaikum. Yaya kike? Da gaske nake tambaya. Kina cin abinci? Ciwon kan nan na yamma yana dawowa?

Wannan ce takarda ta biyar, huɗu na yaga saboda sharaɗinki. Wadda na aika wa Gwaggo a zuwan direba na baya shafi shida ce a kan ruwa, ki ce ta kunna risho da ita.

Zan karya sharaɗin sau ɗaya, don ban san wata hanyar faɗa ba. Na ce wa kowa na sa gilashin ne don tankin ba zai ɗauki ƙari ba. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar ba. Watan farko da na kawo su, ɗaya ta haihu ina tsaye. Na ga abin ya zo mata da sauƙi, talatin a lokaci guda, mu kuwa ɗaya tak muka roƙa. Na fita na zauna a matakala. Washegari na kai jariran shago, na sa aka yanka mini gilashi.

Ban kafa tankin a ɗakin nan don in share 'yarmu ba. Na kasa wucewa ta ƙofar in ga ɗakin babu mai numfashi a ciki. Na so in gaya miki, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga idonki, sai in ji ina maganar hita. Na zaci in na yi shiru za ki manta da wuri. Ni ban manta ba ko kwana ɗaya. Na riƙe ta kafin su ɗauke ta, kina barcin allura. Tana da irin kunnenki, mai ɗan lanƙwasa a sama. Shekara biyu ina riƙe da wannan ban ba ki ba, kuma naki ne. Ki yafe mini.

Ba na son mabuɗin. Tsoron ranar da za a ce an ajiye shi nake yi, shi ya sa nake tambaya. Ki bar littattafan. In kin ce tankin ya bar gidan, zai bari ranar da na dawo.

Mijinki

Bahon yana kusa da taga, rana na iya ɗumama shi da yawa. Na san na sake karya sharaɗi. Na yi ƙoƙari.

12 ga Mayu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, gwiwa ma ta saba da matakala, yanzu da ba ta da sauran amfani.

Na miƙa wa Malama wasiƙarka ban buɗe ba, wannan karon da gaske. Ta karanta a tsaye a kicin. Ta kai hannu ta taɓa saman kunnenta, ta daɗe a haka. Sannan ta shiga ƙaramin ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuma na tuna ina da shara a baranda, na share ta sau uku. Da ta fito idonta ja, ta ce, "Gwaggo, kin ga mutumin nan? Layi biyu suka rage masa ya ci jarrabawa." Ta koma ta janye bahon daga taga.

Ta ce in gaya maka tankin ba inda za shi, amma lacca a kan abinci an soke ta. Amsarka kuma ba za ta rubuta ba, sai ka dawo ka ji da kunnenka, kuma ka zo da shirin yin magana, ba ta ruwa ba.

Mai Jiki ta sake sauka ranar Talata, talatin da huɗu, ba ta ci ko ɗaya ba don ina tsaye a kanta. A cikin 'yan fari akwai wani da jelarsa ta fara yin ja, kullum yana manne da gilashi. Na san ɗan waye. Malama ta ba ni shi da wasu biyar a kwalba, duka maza, wai ba ta yarda da ni ba.

Saura zancen da ka dame ni da shi tun Maris. E, an ajiye mabuɗi yau da safe, yana kan tebur kusa da gwangwani mai jan murfi. Nawa ne. Yayar Malama ta kawo mata akwatunanta jiya, gida kuma ba ya buƙatar ungozoma in masu shi suna ciki.

In ka dawo ka zo ka gaishe ni, kada ka jira sai na sake yin ritaya. Ka taho mini da gilashi ɗaya irin wancan. Kofina ya saba.

Gwaggonka